Lambu a tsakar gidan siminti: me ya kashe tumatirina, kuma ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gidan haya nake zaune a cikin Kano, tsakar gidan an shafe shi da siminti, babu inda zan haƙa. Da kayan miya suka yi tsada a watan Afrilu sai na samo bokitai, na ɗebo ƙasa a ƙofar gida na shuka tumatir. Ya fito kore shar, ya yi fure, amma furen ya yi ta zubewa, daga baya ganyen ya nannaɗe, ƙasar kuma ta daskare, in na zuba ruwa sai ya kwanta a sama. Ruwan ma saye muke yi a wurin 'yan garuwa. Shin ana iya lambu a irin wannan gida kuwa? In ana iyawa, ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Tumatirin nan naki, ko gogaggen manomin Kadawa aka ba wa ya shuka shi a watan Afrilu, cikin bokiti, a kan siminti, da wuya ya tsinki abin da zai cika kwano. Lokaci ne ya fara kashe shi, ƙasar ta ƙarasa.

Tumatir ba ya son zafi a lokacin da yake fure. Da zarar zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma ya ƙi yin sanyi, garin da ke cikin furen, wanda shi ke sa a ƙulla ɗa, yakan lalace, sai furen ya yi ɗorawa daga wuya ya faɗi. Ganye zai ci gaba da kore abinsa, mai shi tana ta murna, amma ɗa babu. Kano kuwa a Afrilu da Mayu zafi kan kai digiri 40, ga simintin tsakar gida da katanga suna shan rana wuni guda su yi ta amayar da zafin har tsakar dare. Dubi manoman Kura, Kadawa da Garun Malam, masu noman rani da ruwan dam ɗin Tiga. Sukan yi rainon iri ne in damina ta zo ƙarshe, su dasa daga Oktoba zuwa Disamba, tumatirin ya yi fure cikin sanyin hunturu. Shi ya sa kwanduna ke cika kasuwar 'Yankaba a Janairu da Fabrairu, zuwa Mayu da Yuni kuma a koma ana ƙirga miki shi ɗaiɗai. Tsadar da ta tunzura ki kika shuka, ita ce alamar lokacin ba nasa ba ne.

Naɗewar ganye kuma abu biyu ke yawan kawo ta a wannan lokaci. In kika girgiza shukar kika ga wasu fararen ƙudaje ƙanana ƙwarai sun tashi, to su ne, suna tsotson ganye suna sa masa cutar da ke sa sabon toho ya ƙanƙance, ya naɗe sama, gefensa ya yi ɗorawa. Wannan ba ta da magani, tuge shukar ake yi. In kuwa ɗigo-ɗigo kika gani a ganyen, da 'yar yana kamar ta gizo a ƙarƙashinsa, to wasu jajayen ƙwari ne da ido ba ya cika ganinsu, masu son zafi da ƙura.

Ana iya lambu a gidanki, sosai ma. Amma ki cire tumatir a ranki tukuna. Gindi ɗaya a bokiti, in ya yi kyau, kilo 1 zuwa 2 zai ba ki a duk rayuwarsa, bayan kin shafe wata 4 kina masa ban-ruwa. Gidan da ake miyar dage-dage kullum zai cinye wannan a kwana biyu. Bokiti goma na tumatir ba za su raba ki da mai kayan miya ba. Ganye kuwa lissafinsa daban ne. Alayyafo yana tsirowa cikin kwana 3 zuwa 5, a mako na 3 ko na 4 kin fara yanka, in kika bar masa gaɓa biyu-uku a gindi ya sake tohowa, ki sake yanka. Zafin da ya kashe tumatirin nan shi alayyafo bai dame shi ba muddin akwai ruwa. Haka rama, yakuwa da lalo. Ga taushe, ga fate, ga kwaɗo, duk daga baho uku ko huɗu. Sannan ganye shi ne abin da ya fi saurin yaushi tsakanin kasuwa da tukunya, kuma shi ne ya kamata a fi sanin ruwan da ya sha. Wani kaso na ganyen da ake sayarwa a birni ana noma shi ne a bakin Jakara da Getsi, da ruwan da ya kwaso dattin gari da na masana'antun Bompai. Salak da lansir da za a ci ɗanye, gara na tsakar gidanki.

Bayan ganye sai attaruhu. Guda uku-huɗu sun ishi tukunya, don haka gindi biyu ma suna da tasiri a gida. Shi ma yakan zubar da fure a bazara, amma ba ya mutuwa, da ruwa ya sauka zai dawo, kuma yana iya wuce shekara a bokiti in ana rage masa rassa. Sai 'yan ƙananan abubuwan da ko iri ba sa bukata. Albasar da ta tsira a kicin, ki binne ta, ta ba ki lawashi. Na'a-na'a da ɗoɗɗoya, ki sa karansu a kofin ruwa su yi saiwa ki dasa. Shuwaka ma reshe ake dasawa.

Tunda ruwa saye kuke yi, shi zai yanke miki girman lambun, ba faɗin tsakar gida ba. A bazara, bokitin da ke ɗauke da babban attaruhu yana shan lita 1 zuwa 2 a rana, bahon alayyafo mai faɗi ya fi haka. Jarka ɗaya ta ɗan garuwa mai lita 25 za ta riƙe miki mazubi wajen 10 a yini. Ki tambayi kanki, za ki iya ware jarka guda kullum a watan Afrilu, lokacin da ruwa ke wahala, kurar ruwa ta yi tsada? In a'a, ki tsaya a mazubi 5 ko 6. Yawancin lambunan tsakar gida da na ga sun mutu, a damina aka fara su da bokiti talatin, ruwan sama na ɗaukewa aka gane ba za a iya shayar da su ba. Akwai kuma ruwan da ake zubarwa a banza a kowane gida. A ajiye baho a wurin alwala, a tara ruwan wankin shinkafa da na wankin ganye, da wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki in akwai. Duk waɗannan shuka na sha. Wanda ba ta sha shi ne ruwan omo, da ruwan wanke-wanke mai maiƙo da gishiri. A gona ƙasa na da faɗin da za ta shanye irin wannan, a bokiti kuwa taruwa yake yi har bakin ganye ya fara ƙonewa.

Kafin ki ajiye ko bokiti ɗaya, ki ɗauki yini guda kina lura da rana a tsakar gidan: ina take kaiwa da hantsi, ina take da azahar, ina ta koma da la'asar. Masu 'ya'ya, wato attaruhu, kuɓewa, tumatir da gauta, suna son rana ta awa 6. Ganye yana yi da awa 3 zuwa 4, na'a-na'a ma ta fi son inda inuwa ta fi yawa. A garinmu ranar safe ake nema, ta yamma ita ke gasa shuka. Wuri mafi kyau shi ne gindin katangar yamma, wadda ke kallon gabas. In kin tsaya salla a tsakar gida, katangar da ke bayanki ke nan. Tana samun rana daga safe zuwa azahar, sannan inuwar katangar ta rufe ta. Ki sani kuma inuwa tana tafiya da watanni. Kano tana digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka daga ƙarshen Agusta zuwa Afrilu rana kan karkata kudu. A Disamba, katanga mai tsawon mita 3 da ke kudancin tsakar gida tana shimfiɗa inuwar da ta kai mita 2 da tsakar rana, alhali a Yuni wurin rana ce tsaye a kansa. Amfanin bokiti ke nan, ana ɗaga shi a bi rana.

Mazubi kusan komai yana yi in yana da zurfi da huji. Ganye yana bukatar zurfin santimita 15 zuwa 20, wato kamar taƙi guda, don haka tsohon bahon wanki da ya tsage ko jarkar da aka yanka a kwance sun isa. Attaruhu, tumatir da kuɓewa kuwa bokiti mai lita 20 kowane gindi ɗaya, kada ki haɗa biyu don ganin akwai fili lokacin da suke ƙanana. Zogale yana da saiwa mai nitsewa, sai rabin duro ko cikakken buhu, kuma a riƙa datse kansa in ya kai mita 1 don ya yi rassa maimakon ya miƙe ya wuce katanga. Ki guji duk abin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, baƙin mai ko ruwan batir. Bokitin fentin ruwa a wanke shi a yi amfani da shi, na fentin mai kuwa a bar shi, don wasu fentin mai na ɗauke da gubar dalma. Buhun shinkafa ko na taki shi ne mafi araha, ruwa na tsanewa da kansa, sai dai rana na cin sa, cikin 'yan watanni ya fara zama gari. A unguwar Kibera ta Nairobi an san su da tsayar da dogon buhu, a jera duwatsu a tsakiyarsa don ruwa ya bi, a huda gefe-gefe a dasa ganye har ƙasa. Dabara ce mai kyau ga mai ƙarancin wuri, amma a bazarar Kano na gefen nan su ke fara ƙonewa. Ke da kike farawa, naɗe bakin buhun ki mayar da shi rabi.

Ki ɗora ƙusa a wuta ki huda gindin bokiti wuri 6 zuwa 8, kowane huji kamar kaurin biro. Za a ce miki ki zuba tsakuwa a ƙasa don ruwa ya tsane. Kada ki yi. Ruwa ba ya barin ƙasa mai laushi ya shiga tsakuwa sai ƙasar ta jiƙe jagab, don haka tsakuwar rage wa saiwa wuri kawai take yi. Ɗan ƙyallen buhu a kan hujin ya isa ya tare ƙasa. Sannan kada mazubi ya zauna kai tsaye a kan siminti. A ɗora shi a kan bulo ko katako, iska ta bi ta ƙasa, zafin simintin bai dafa saiwa ba, ruwa kuma ya samu hanyar fita. Baƙar roba tana ɗaukar zafi ƙwarai, ki naɗe ta da buhun algarara ko ki jera bokitan kusa da juna su yi wa juna inuwa.

Yanzu ƙasa, wadda ita ce rabin aikin. Ƙasar ƙofar gida an tattake ta shekara da shekaru, ƙura ce da laka, babu ruɓaɓɓen abu a cikinta. In aka zuba ta a bokiti ana mata ruwa kullum, sai ta manne ta rufe duk 'yan kafofin da iska ke bi. Saiwa kuwa numfashi take yi. Shi ya sa za ki ga shuka tana yaushi alhali ruwa na kwance a kanta, ki ƙara mata ruwa, ki ƙarasa ta. A gona tsutsar ƙasa da gara da garma suna buɗe ƙasa, a bokiti babu mai yi sai ke, kuma tun wajen haɗi ake yi. Haɗin da nake ba mutane shi ne kwano 2 na turɓayar gona, kwano 1 na ruɓaɓɓen taki, kwano 1 na buntun shinkafa ko dakakken ɓawon gyaɗa. Turɓaya tana wurin masu sayar da fulawa a bakin titi, ko a sa wani ya ɗebo daga gona a bayan gari. Buntu kuwa a injinan shinkafa yake jibge, wanda ya taɓa zuwa Kura ya ga tsibinsa. Aikinsa shi ne ya hana ƙasa mannewa ya kuma rage nauyi. Wanda ya kwana biyu ya yi duhu ya fi sabo, in kuma aka babbaka shi ya yi baƙi bai zama toka ba, ya fi duka. Kada ki raina wannan shara. A Dakar ta Senegal, tun 1999 ake gudanar da shirin ƙananan lambunan cikin gari tare da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, inda ake shuka a kan tebura cikin ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa ba tare da ƙasar gona ba, ana ba shukar takin da aka narka a ruwa. In kin gama haɗi, ki yayyafa ruwa ki dunƙula a hannu. In ya dunƙule, kika taɓa da yatsa ya wargaje, ya yi. In ya zama curi mai santsi, laka ta yi yawa, ƙara buntu da ɗan yashi.

Taki kuwa sai wanda ya ruɓe. Kashin awaki da na tumaki su na fi so a bokiti. Na kaji ya fi ƙarfi, amma ɗanyensa yana ƙona saiwa cikin kwanaki. Kowanne ne, a tara shi a buhu ko a lungu, a jiƙa, a riƙa juyawa na mako 6 zuwa 8, sai ya daina zafi, ya daina wari, ya koma baƙi mai laushi. Akwai masu cewa a ɗebo ƙasar bola, ai da ita kakanninmu suka yi noma. Gaskiya ne, jakuna sun daɗe suna fita da takin birni a mangala zuwa gonakin kewayen Kano. Amma bolar wancan zamani toka ce da kashin dabbobi da sharar tsakar gida. Ta yau akwai batir, leda, allura da fasassun kwalabe, ba abin da za ki shuka ganyen da 'ya'yanki za su ci a ciki ba ne. In kina da haƙuri, zafin bazara ma yana da amfani a nan: ki jiƙa haɗin, ki ɗaure shi a farar leda mai haske, ki shanya a kan siminti na mako 4. Zafin zai kashe irin ciyawa da ƙananan tsutsotsin da ke sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulu-ƙulu.

Wajen shuka, irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, in kika watsa shi haka zai fito a cunkushe. Ki gauraya ɗan kaɗan da yashi cikin tafin hannu, ki barbaɗa, ki rufe da ƙasa sama-sama, ki yayyafa ruwa da hannu ko da gwangwanin da aka huda, kada ki kwarara. In ya fito da yawa ki cire wasu ki sa a miya, ki bar tazarar yatsu huɗu. Kada ki shuka duk bahonki rana ɗaya, ki bar mako 2 tsakanin wannan da wancan, in ba haka ba za su isa yanka tare, ki rasa yadda za ki yi da su, sannan ki zauna babu. Irin lalo yana da taurin tsiro, a ƙulla shi a ƙyalle a tsoma a ruwan zafi na 'yan daƙiƙoƙi, a shanya, sannan a shuka. Kuɓewa a jiƙa ta ta kwana, a shuka ta a inda za ta zauna, ba ta son dashe. Attaruhu kuwa raino ake yi a ƙaramin mazubi a inuwa. Yana iya kai mako 2 ko 3 bai fito ba, kada ki ce ya mutu ki zubar. In ya yi mako 5 zuwa 6 sai a dasa shi da yamma, da ƙasar gindinsa. Irin ganye yana wurin tsofaffi masu sayar da kayan kaɗi a kasuwa, da araha. Na tumatir, salak da karas kuwa ki saya a shagon kayan noma, ki duba kwanan watan da ke jikin leda, don zafin shago yana kashe iri.

Ban-ruwa da sassafe ake yi, bayan asuba, a gindi ba a kan ganye ba. A bazara a ƙara bayan la'asar. Ma'auninki yatsa ne, ki tura shi cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu, in da danshi ki bari. Shukar da ta sunkuya da tsakar rana ta miƙe da magariba ba ƙishirwa take ji ba, zafi ne, inuwa take so. Ki kafa mata zana ko ki ɗaura tsohon buhu daga sama. Ki rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi ko busasshen ganyen darbejiya, wannan kaɗai yana rage shan ruwa sosai. Akwai kuma dabarar tulu. Ki samo ƙaramin tulun ƙasa, ki binne shi a tsakiyar babban baho har wuya, ki shuka ganye kewaye da shi, ki cika shi da ruwa ki rufe bakin. Yadda randa ke tsattsafo da ruwa ta jikinta, haka zai riƙa jiƙa ƙasar a hankali, saiwoyi su zo su manne masa. In za ki yi tafiyar kwana biyu, shi zai riƙe miki lambun. A damina kuma matsalar juyawa take yi, ruwa ya yi yawa. Ki tabbata hujin bai toshe ba, in ana marka ki ja attaruhu ƙarƙashin baranda.

Abincin da ke cikin bokiti kaɗan ne, kuma duk ruwan da ya fita ta gindi yana tafiya da wani abu. Bayan wata guda za ki ga ganyen ƙasa ya fara ɗorawa, yunwa ce. Ki barbaɗa ruɓaɓɓen taki cikin tafin hannu a kowane mazubi duk bayan mako 3, ko bayan kowane yanka. In takin zamani za ki sa, kamfa, wato NPK 15-15-15, cokalin cin abinci 1 a narka a ruwa lita 10, a ba su sau ɗaya a mako 2, bayan an riga an jiƙa ƙasar. Kada ki zuba ƙwayar yuriya a gindin shuka a bokiti, hannu na ɗan zarcewa ta ƙone. Kuma in kika cika wa attaruhu da tumatir takin da ke sa ganye, irin su yuriya, ganyen za su ba ki, ba 'ya'ya ba.

Maƙiyan lambun tsakar gida a Kano ba ƙwari ne na farko ba. Ƙadangare ne, sai kajin maƙwabta, sai ragon layya da aka kwance minti biyar. Ƙadangare yana iya share bahon alayyafo da ya tsiro jiya kafin azahar, musamman da rani da babu wani kore a unguwa. Maganinsa rufi. Tsohon gidan sauro da ya yage aka daina amfani da shi, a wanke, a kafa 'yan sanduna a lulluɓe. Shi zai tare tsuntsaye da fararen ƙudajen nan ma. Darɓa da sauran masu tsotso, in kina juya ganye kina dubawa duk bayan kwana biyu, za ki kama su tun suna kaɗan, ki murje da yatsa ko ki wanke da ruwa. In sun yi yawa, ga darbejiya a kowane layi. Ki ɓare busassun 'ya'yanta, ki daka ƙwayar, giram 50 a ruwa lita 1, wato kamar cikin hannu guda, ya kwana, ki tace da ƙyalle, ki sa ɗan sabulu kaɗan don ya kama ganye, ki fesa da yamma har ƙarƙashin ganyen. Ba ya kashewa nan take, hana su ci da hayayyafa yake yi, sai an maimaita duk mako. Abin da nake roƙonki shi ne kada fiya-fiya ko Sniper su kusanci lambun nan. Guba ce mai ƙarfi, ragowarta a jikin wake ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya a 2015. Ganyen da za a yanka jibi, a tsakar gidan da yara ke rarrafe, ba wurinta ba ne.

Tunda haya kike, ki kiyaye abin da zai haɗa ki da mai gida ko abokan zama. Ki bar tazara tsakanin bokitai da bango don kada danshi ya ɓata fenti, ki jera su ta inda ruwan da ya tsane zai bi rariya. Kada ki bar ruwa ya kwanta a faranti ƙarƙashin mazubi, sauro na ƙyanƙyashewa a irinsa cikin mako guda zuwa kwana 10. In a baranda ko saman bene za a ajiye, a tuna bokiti mai lita 20 da jiƙaƙƙiyar ƙasa yana kai kilo 25 zuwa 30. A rarraba su ta gefen bango da kan ginshiƙi, a kuma ƙara buntu a haɗin don ya yi sauƙi.

Shekarar lambunki za ta tafi ne kamar haka. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, ta alayyafo ce, rama, yakuwa, lalo, kuɓewa da zogale, kuma ita ce mafi sauƙin farawa tunda sama na taya ki ban-ruwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu sai salak, lansir, karas, kabeji da albasa, waɗanda zafi ke sa su ɗaci ko su ƙi tsirowa. Bazara lokacin rage kaya ne, ki riƙe alayyafo, zogale da attaruhunki a inuwa, sauran bokitan ki juye ƙasarsu ki gyara.

Tumatir kuma ki dawo masa a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba. Ki nemi irin tumatir mai suna Roma VF ko UC82B, waɗanda ba sa tsawo sosai kuma manoman nan sun daɗe da saninsu. Matse 'ya'yan tumatirin kasuwa a shuka caca ce, don da yawansu iri ne mai aure, wanda ake rubuta F1 a ledarsa, 'ya'yansa ba sa ɗauko uwar. Ki raine shi mako 3 zuwa 4 a ƙarƙashin gidan sauro, ki dasa ɗaya a kowane bokiti, ki binne karan har kusa da ganyen farko don yana fitar da saiwa ta jikin kara, ki kafa sanda tun ranar dashe. In ya fara fure ki riƙa ɗan girgiza sandar da hantsi, tunda tsakar gida ba ta samun iskar da za ta motsa furen. Ruwa ya zama daidai kullum. In yau ya bushe gobe ya jiƙe jagab, gindin ɗan zai yi baƙi ya lotsa, kuma ɓawon ƙwai da ake cewa a zuba ba ya gyara wannan. Ki riƙa duba ganye saboda tsutsar nan da manoma ke kira Sharon, wadda ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016. Tana shiga cikin ganye ta bar wani farin tabo kamar leda, in kin gani ki tsinke ganyen ki ƙona. Zuwa Maris, da zafi ya fara, ki tsinke abin da ya rage ki tuge shi. Ƙasar da ya zauna a ciki kada ki sake sa mata tumatir, attaruhu, tattasai ko gauta, dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Ki ƙara mata taki da buntu ki ba alayyafo.